Ko Kun Sani? Doguwar Kalmar Ingilishi a Bakin Ɗan Kurfai

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki. Ke nan ɗalibin kwaleji a Abala ko Filinge, a ƙasar Kurfai, zai daɗa cin karo da dogayen sunaye irin responsibility, wato alhaki. Gaɓa 6 gare ta: re-spon-si-bil-i-ty. Tsawonta ba shi ke wahalarwa ba. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu a jere, don haka kunnen Bakurfaye ke raba ta res-pon, kamar yadda ya saba a Faransanci, kuma hakan ba ya hana fahimta. Inda gizo ke saƙa shi ne nauyin murya. Bafaranshe na dannawa a gaɓar ƙarshe, Ingilishi kuwa a gaɓa ta huɗu, bil, domin ɗafa-ƙeyar -ity kullum tana jawo nauyin zuwa gaɓar da ke gabanta. Haka abin yake a university da electricity.

Wasu malamai na cewa haddar kalma ɗungurungum ta fi sauri, rarrabawa ɓata lokaci ne a ajin da ya cika maƙil. Amma hadda kalma ɗaya take bai wa yaro, wannan ƙa'ida kuwa tana buɗe masa ɗaruruwa. Kuma yaron da ke bambanta gàrī (birni) da gā̀rī (na tuwo) da tsawon wasali kaɗai, kunnensa ya riga ya goge da sauraren gaɓa tun kafin ya shiga lakwal.