Yadda Ake Gane Garin da Ya Dace da Mai Ciki da Jinjiri

Wannan bayani domin hakimai ne da dagatai da malamansu na ƙasar Karaye da Rogo. Yawan jama'a da cikar kasuwa ba su isa a yabi gari ba. In ana so a san kirkin gari, sai a dubi halin da mace ke shiga in naƙuda ta kama ta da tsakar dare, cikin damina.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, mata 512 ke rasuwa. Babban abin da ke ɗauke su shi ne zubar jini bayan haihuwa, wanda kan kashe mace cikin sa'a biyu in ba a tsai da shi ba. Watau abin aunawa shi ne lokacin da ke tsakanin ɗakinta da hannun ungozomar asibiti. Mu ɗauki Ruwan Bago, cikin ƙasar Rogo, misali. Ga abubuwa huɗu da ya kamata a bincika a can, da kowane gari irinsa.

Na ɗaya, izini. Sau da yawa maigida yana kasuwa ko ya tafi cin rani, ba mai ikon cewa a fita da matarsa. Lalle ne mai unguwa da liman su sa magidanta su ba da izinin tun cikin yana ƙarami, a gaban shaidu.

Na biyu, hanya. A san rafin da ke cika ya tsare mota. A yi magana da direbobin tasha, a rubuta sunan wanda za a tasa da dare, a kuma tanadi kuɗin mai a hannun amintacce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, ɗakin shan magani. A tambaya: akwai ungozoma mai kwana? Akwai fitila da ruwa mai tsabta? In abu ya gagara, wa zai raka ta asibitin Rogo ko na Karaye, ko Asibitin Murtala a birnin Kano? 'Yan'uwa su sani ana iya neman su ba da jini, kada su noƙe.

Na huɗu, awo da rigakafi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas. A wurin awo ake gane hawan jini tun bai kai ga jijjiga ba, a ba ta maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro. Ta riƙa kwana cikin gidan sauro. Jinjiri kuwa a ba shi nonon farko, kada a zubar, gama kariya ce gare shi. Kada a sa wa cibiyarsa toka ko ƙasa. A kai shi rigakafin tarin fuka da shan-inna da ciwon hanta tun kafin suna.

Aikin malamin hakimi shi ne rubutu. Kowane mai unguwa ya kawo lissafin waɗanda aka haifa da matan da suka rasu wajen haihuwa, da dalili, a shigar cikin littafi wata-wata. Dokar ƙasa ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa. Kada a rage lissafi don gudun abin kunya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In littafi ya nuna mata biyu sun rasu a bakin rafi guda, hakimi ya sami hujjar neman kwalbati wurin ƙaramar hukuma.

Ajali na Allah ne, amma neman magani da gyaran hanya an ɗora su a wuyan shugabanni. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, amin.