Lu'au: Walimar da Hawai ke sayar wa baƙi, da wadda ta ajiye wa 'yan gida

Da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta kusa faɗawa cikin tekun Fasifik, akan busa katantanwar teku a harabar otal-otal ɗin Hawai, alamar za a buɗe walima. A rataya wa kowane baƙo sarƙar furanni a wuya, a ɗauke shi hoto, sannan a ja ayarin zuwa bakin wani rami da ake kira imu. Tun da safe aka jera duwatsu masu zafi a ciki, aka ɗora alade sukutum, aka lulluɓe da ganyen ayaba da ƙasa. Tone ramin a gaban jama'a shi ne buɗe taro. Wannan shi ne lu'au, kuma kuɗin kujera ɗaya galibi ya haura dala 100.

Ga Musulmi, ramin nan wurin taka-tsantsan ne, domin naman alade ke jan ragamar teburin, har cikin ƙunshin ganyen da ake kira laulau yakan ɓuya. Akwai kifi da kaza, amma tambaya kafin ɗiba ta zama dole. Giya ma na cikin kuɗin tikiti a wurare da dama, ban da cibiyar Polynesian Cultural Center da ke tsibirin O'ahu, mallakar cocin Mormon, wadda ba ta sayar da ita.

Abincin da baƙi suka fi yamutsa wa fuska shi ne ya fi kowanne asali. Poi gwaza ce da aka dafa, aka kirɓa kamar sakwara, aka sassauta da ruwa har ta yi danƙo, idan ta kwana ta ɗan yi tsami. Sunan walimar kansa daga ganyen gwaza ya samo.

Tarihi na danganta walimar da karya doka. A ƙarƙashin tsarin kapu, mata da maza ba sa cin abinci tare, kuma an haramta wa mata alade da kwakwa da yawancin nau'o'in ayaba. A 1819 Sarki Kamehameha na Biyu ya zauna ya ci tare da matan fada a bainar jama'a, tsarin ya rushe. Zuwa 1847 lamarin ya ƙasaita har Kamehameha na Uku ya yi walimar da aka ci aladu 271.

Bayan abinci sai dandamali ya ɗauka, kuma nan ne ya kamata mai kallo ya buɗe ido. Rawar wuƙa mai ci da wuta, wadda ke tashin tafi da sowa a ƙarshe, ta Samowa ce. Karkaɗa ƙugu cikin sauri ta Tahiti ce. Zare ido da fito da harshe na ƙabilar Mawori ne, can New Zealand. Ita kanta ƙaramar jitar nan, ukulele, daga kayan kiɗan da 'yan ci-ranin Fotugal suka iso da su a 1879 ta samo. Ba yaudara ba ce, tunda mai gabatarwa kan faɗi sunan kowane tsibiri, sai dai wanda hankalinsa ke kan wayarsa zai koma gida da zaton duk Hawai ya gani.

Rawar Hawai ta ainihi ita ce hula, kuma ta fi sauran natsuwa. Hannaye ne ke ba da labari, mai waƙe na rattaba asalin sarakuna da sunayen wurare, yana buga ƙwarya ko ganga. Da ƙyar ta tsira. Bayan isowar 'yan mishan a 1820, Sarauniya Ka'ahumanu ta hana yin ta a fili a 1830, sai Sarki Kalakaua ya maido da ita fada a bikin naɗinsa na 1883. Shekara goma bayan haka wasu attajirai, da dafawar sojojin Amurka, suka hamɓarar da 'yar'uwarsa Sarauniya Lili'uokalani. A 1896 aka mayar da Turanci harshen koyarwa a makarantu, harshen Hawai ya kama hanyar ɓacewa, bai zama harshen hukuma ba sai 1978. Ba kowane mai gabatarwa ke ambata wannan ba. Ba ya shiga da lemon abarba.

Amma walimar abinci ce ga iyalai masu yawa. Bayan gobarar Agustan 2023 da ta cinye garin Lahaina, ta hallaka kimanin mutum 100, an yi ta muhawara a tsibirin Maui kan dawowar baƙi: wasu na cewa a bari a gama makoki, wasu na cewa albashinsu ya tsaya. Fitacciyar walimar garin, Old Lahaina Luau, ta sake buɗewa a 2024.

Akwai kuma lu'au ɗin da ba shi da tikiti. Idan jariri ya cika shekara ɗaya, dangi kan kafa rumfa a bayan gida ko bakin teku, maza su kwana a kan imu, mata su haɗa poi da kifi, wani kawu ya ɗauko ukulele. Baƙo ba ya shiga wannan sai an gayyace shi.