Idan ɗa ya faɗa shaye-shaye, wa ke kula da uwarsa?

Duk sanda aka tayar da zancen shaye-shaye a ƙasar Hausa, hankalin kowa kan yaron yake komawa: me yake sha, wa ke sayar masa, a wace majalisa yake zama. Ba kasafai ake tambayar halin da uwarsa take ciki ba. Alhali ita ke kwana ido biyu tana sauraron motsin ƙofa, ita ke ɓoye kuɗin cefane, ita kuma ake yi wa kallon wadda ta gaza tarbiyya a gidan biki. Da ma an ce ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Yau, mai karatu, za mu duba abin da bincike ya gano idan iyaye mata masu irin wannan damuwa suka riƙa haɗuwa suna dafa wa juna. Yana aiki? Ta yaya? Kuma ina iyakarsa?

Gidaje nawa abin ya shafa?

A farkon 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar da babban bincike kan Najeriya. Sun gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 magungunan kashe ciwo irin su tramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin. A Arewa maso Yamma kaɗai an ƙiyasta kusan mutum miliyan 3. Sannan ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, wato ba samari kaɗai ba ne. To ka lissafa, bayan mafi yawansu akwai uwa, ko kaka, ko gwaggon da ta raine su.

Abin da damuwar ke yi wa jikinta

Masu bincike a Ingila, irin su Jim Orford da Richard Velleman da Alex Copello, sun shafe shekaru suna hira da dangin masu shaye-shaye a ƙasashe daban-daban, har da Meziko da Italiya. Duk da bambancin al'ada, koken kusan iri ɗaya ne: rashin barci, fargaba, ciwon kai, baƙin ciki da janyewa daga mutane. Dalilin a jiki yake. Idan mutum na cikin tsoro, jiki kan saki sinadarai irin su kotisol don shirin gudu ko kare kai. Na ɗan lokaci ba laifi. Amma idan aka yi watanni ko shekaru a haka, barci ya lalace, hawan jini ya samu ƙofa.

Sun kuma lura dangi kan bi ɗaya cikin hanyoyi uku: ko su tsaya kai da fata suna faɗa da sa ido, ko su haƙura suna rufa asiri da biyan bashin da yaron ya ciwo, ko su ja jiki su fita harkarsa. Hanya ta biyu, wato shanye abu a ciki, ita aka fi dangantawa da rashin lafiyar mai haƙurin. Kuma ita ce aka fi yaba wa uwa a kanta a wurinmu: "Sai haƙuri, Hajiya."

Me zama da 'yan uwa mata ke ƙarawa?

Wannan dabara ta daɗe. A Amurka an kafa Al-Anon a 1951 don iyalan mashaya giya, daga baya Nar-Anon ta biyo don iyalan masu shan ƙwaya. A 2004 wata uwa a jihar Masachusets, Joanne Peterson, ta kafa Learn to Cope bayan ɗanta ya kamu da shan ƙwaya, ƙungiyar ta bazu a garuruwa da dama.

Abu uku ke sa irin wannan zama amfani. Na farko, yana kashe kunya. Matar da ta yi shekara biyu tana ɓoyewa, ranar da ta ji wata malamar Islamiyya ta ce "nawa ɗan ma haka yake", nauyi ya ragu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na biyu, ilimin da ba ya cikin littafi: wane asibiti ke karɓar mara lafiya ba tare da wulaƙanci ba, me za ki ce idan ya nemi kuɗi da daddare, yaya za ki kare ƙannensa. Na uku, mai taimako ma tana samun sauƙi. Masanin zamantakewa Frank Riessman ya bayyana haka tun 1965: wanda ya taimaki mai irin matsalarsa, shi ma yana ƙaruwa.

Amma fa akwai iyaka

Tambayar da kowace uwa za ta yi ita ce: "To zai sa ɗana ya daina?" Nan sai an faɗi gaskiya. A 1999 William Miller da Robert Meyers da Scott Tonigan na Jami'ar New Mexico suka raba dangin mashaya 130 gida uku. Waɗanda aka tura tsarin Al-Anon, kashi 13 cikin ɗari ne suka iya kai nasu wurin magani. Masu tsarin taron dangi a yi wa mutum ca, kashi 30. Waɗanda aka koya wa wata dabara mai suna CRAFT kuwa, kashi 64. A 2002 aka maimaita da dangin masu shan ƙwaya, nan ma CRAFT ta yi gaba da nisa. Sai dai a duka rukunonin, lafiyar dangin su kansu ta inganta.

Ma'ana, zaman jajanta wa juna yana taimakon uwar, amma jan yaron zuwa asibiti sai an haɗa da horo. CRAFT na koya wa uwa ta yi magana lokacin da yake cikin hayyacinsa, ta yaba masa ranar da bai sha ba, ta daina share masa ɓarnar da ya yi a buge, ta kuma tanadi inda za a kai shi tun kafin ranar da zai ce ya gaji.

Abin da ya kamata ƙungiya ta sani

Ƙwayoyi na canza yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa sinadarin dofamin, mai sa mutum marmarin maimaita abu. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, shi ya sa matashi ya fi saurin kamuwa. Tsakanin kashi 40 zuwa 60 na waɗanda aka yi wa magani kan sake komawa, kwatankwacin abin da ake gani a masu hawan jini ko asma. Komawa alama ce ta a sake duba maganin, ba hujjar yanke ƙauna ba.

Akwai kuma haɗarin da ya wuce ƙarfin ƙungiya. Tramol da yawa na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya sha kodin ko tramol numfashinsa ya yi ƙasa, aka kasa tashinsa, asibiti za a nufa nan take. Yanke ƙwayoyin barci irin su diyazefam farat ɗaya na iya zama haɗari, don haka kulle yaro a ɗaki ba magani ba ne. Ka tuna Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, da yawa a ɗaure da sarƙa. Da yawan iyayen da ke kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare rasa mafita ne ya kai su. Alhali akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da Kware da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, kuma NDLEA na da sashen ba da shawara.

Idan za a fara

Ba sai an yi rajista ko an kama ofis ba. Mata biyar zuwa goma sun isa, a tsayar da rana kamar yadda ake yi wa adashi. A ɗauki alƙawarin abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki. Kowa ta samu damar magana, ba a katse ta, ba a ce laifinta ne. Lokaci-lokaci a gayyato likita ko ma'aikaciyar jinya mai horo kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan an buɗe zauren WhatsApp, a hana tura hoton yara da tallan maganin da ba a san asalinsa ba. Wadda ɗanta ke dukanta ko yi mata barazana, tsaron lafiyarta ne kan gaba.

Ke kuma uwa da ke karanta wannan, neman wadda za ki buɗe wa ciki ba tonon asirin gida ba ne. Kai kuwa da ka san irin wannan uwa a unguwarku, ko a cikin danginku, idan kun gaisa ka tambayi yaron, sannan ka tambaye ta ita ma ya jikinta.