Lambu Da Littafi: Yadda Mutanen Rasha Ke Cin Bazararsu

Kowace ran Jumma'a da yamma, daga farkon watan Mayu har zuwa Satumba, hanyoyin da suka fita daga birnin Mosko sukan cushe da motoci, tashoshin jirgin ƙasa kuma su cika maƙil da jama'a. Wani na saɓe da shebur, wata na riƙe da bokiti, ga tsohuwa rungume da kwali cike da dashen tumatir, jikanta na biye da ita da jakar littattafai. Duk inda za su sunansa ɗaya, dacha, watau ɗan fili a bayan gari mai ɗan ɗakin katako da lambu. A nan ne miliyoyin mutanen Rasha ke zama a watannin ɗumi, suna noma da safe, suna karatu da maraice.

Kafin mai karatu ya gane abin da ya sa suke wannan rububi, sai ya san irin yanayin ƙasar. A Mosko, cikin watan Disamba, hasken rana bai fi na awa bakwai ba, ƙanƙara kuwa takan rufe ƙasa wata huɗu ko biyar. Amma cikin watan Yuni rana takan yi fiye da awa 17 ba ta faɗi ba. Lokacin da shuka ke iya rayuwa a fili ba tare da sanyi ya ƙone ta ba gajere ne ƙwarai, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Satumba. Bazararsu kuwa ba irin ta ƙasar Hausa ba ce mai ƙuna da ƙura. Lokaci ne na ɗumi da ruwan sama jefi-jefi, ga ganye kore shar ko'ina. Wanda ya yi sake da waɗannan 'yan watanni, sai ya jira baɗi.

ASALIN DACHA

Kalmar dacha ta samo asali ne daga kalmarsu ta "bayarwa". A farkon ƙarni na 18, Sarki Peter na Farko, wanda ya kafa birnin Sen Fitasbag cikin 1703, ya riƙa raba wa fadawansa filaye a kan hanyar da ta nufi fadarsa ta bakin teku, domin su gina gidajen shaƙatawa. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19, da hanyoyin jirgin ƙasa suka yawaita, sai malaman makaranta da likitoci da akawuna su ma suka shiga yin hayar ɗakuna a ƙauye don su huta da zafin birni.

Yunwa ce ta mai da dacha abin talaka. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus sun kewaye Sen Fitasbag, wanda a lokacin ake kira Leningrad, daga 1941 zuwa 1944, mutane dubu ɗaruruwa suka mutu, galibi saboda yunwa. Cikin 1942 har dandalin da ke gaban babban cocin birnin sai da aka kafce aka shuka kabeji. Bayan yaƙi, cikin 1949, gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta zartar da dokar ba ma'aikata filayen lambu ta hannun masana'antu da ofisoshin da suke wa aiki.

Filin da aka fi bayarwa murabba'in mita 600 ne, watau ya ɗan ɗara fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100. Sau da yawa wurin fadama ce mai sauro, ko kuwa ƙasa mai tauri wadda gonar gwamnati ba ta so. Ɗakin da za a gina ma sai da aka ƙayyade: babu bene, kuma akwai lokacin da aka hana girmansa ya wuce murabba'in mita 25, wai don kada ma'aikaci ya zama mai gida biyu. Duk da haka mutane suka karɓa hannu bibbiyu. A ƙasar da gwamnati ke mallakar masana'anta da kanti da gidan kwana, wannan ɗan fili ne kaɗai wurin da mutum ke da ta cewa.

AIKIN YINI

Aikin lambu yakan fara tun ƙanƙara ba ta narke ba. Cikin Fabrairu da Maris ake yafa irin tumatir da tattasai a cikin gwangwanaye da kwalayen madara, a jera su bakin taga a gidajen birni. Hutun da ake yi ran 1 da ran 9 ga Mayu, shi ne lokacin da iyali duka kan fita kaftu da shuka dankalin Turawa. Bayansa sai kokwamba da kabeji da karas da albasa da tafarnuwa. A gefen shinge kuma akwai itatuwan tuffa da na ceri, da ƙananan tsirrai masu 'ya'ya ja da baƙi waɗanda ake dafawa da sukari.

Makarantu sukan rufe wata uku cur, Yuni da Yuli da Agusta. Da yake iyaye suna wurin aiki a birni, kaka ce sarauniyar dacha. Ita ke tashi da sassafe ta yi ban ruwa kafin rana ta ɗaga, ita ke sa jikoki cirar ciyawa da tsince ƙwaron da ke cin ganyen dankali ɗaya bayan ɗaya. Iyaye sai ran Jumma'a su iso da burodi da nama da labarin gari, su koma ran Lahadi da dare, hannuwa duk kanta, jakunkuna cike da ganye.

Watan Agusta na tanadi ne. Kwalabe kan cika ɗakin girki: ana jiƙa kokwamba da tumatir cikin ruwan gishiri, ana dafa 'ya'yan itatuwa da sukari, ana shanya naman kaza da aka tsinto a daji. Dankali kuwa a haƙe shi, a zuba a buhuna, a kai rami mai sanyi a ƙarƙashin ɗaki, wanda shi ne rumbunsu. Abin da aka tara a wannan wata shi za a riƙa ci har ƙanƙara ta sake narkewa.

Amfanin wannan al'ada ya fito fili bayan da Tarayyar Sobiyet ta wargaje cikin 1991. A shekarar 1992 kaɗai farashin kaya ya ninka kimanin sau 26, ajiyar mutane a banki ta zama takarda, ma'aikata da yawa suka yi watanni ba albashi. Ƙididdigar gwamnati ta ƙarshen shekarun 1990 ta nuna kusan kashi 90 cikin ɗari na dankalin da aka noma a ƙasar daga ƙananan filayen iyali ya fito, watau dacha da lambunan bayan gida na ƙauyawa idan aka haɗa. Gaskiya ne wasu masu bincike sun yi lissafi sun ce in aka cire kuɗin jirgi da na taki da wahalar jiki, ribar ba ta taka kara ta karya ba, kuma mafi talaucin mutanen birni ba su da filin ma. Amma wanda ya ga kanti wayam da idonsa ba ya auna buhun dankali da kuɗi. Ajiya maganin wata rana.

LITTAFI A BARANDA

Da rana ta yi sanyi aka ajiye kayan aiki, sai a hura tukunyar shayi, kowa ya ɗauko abin karatunsa. Hasken rana yana nan har wajen ƙarfe tara na dare, ba a bukatar fitila. Gidajen birni ƙanana ne, saboda haka tsofaffin littattafai da mujallu duka dacha ake kwashe su, yaro ya tashi ya tarar da abin da kakansa ya karanta yana jiransa a kan kanta. Bugu da ƙari, malamai sukan ba kowane aji jerin littattafan da za a karanta kafin a dawo hutu: Pushkin da Gogol ga na ƙasa, manyan ɗalibai kuma su yi ta fama da Yaƙi da Zaman Lafiya na Tolstoy, mai juzu'i huɗu.

Marubutan ƙasar su kansu 'yan lambu ne. Anton Chekhov, likita kuma mawallafin wasannin kwaikwayo, ya sayi gona a Melikhovo, kimanin kilomita 70 kudu da Mosko, cikin 1892. A can ya dasa itatuwa da furanni da hannunsa, ya yi wa ƙauyawa magani kyauta, ya gina makarantu uku, yana kuma aika littattafai zuwa laburaren garinsu Taganrog. Da tarin fuka ya tilasta masa komawa Yalta, inda ya fi ɗumi, cikin 1899, wani lambun ya sake kafawa. Wasansa na ƙarshe, Lambun Ceri, wanda aka nuna cikin 1904, shekarar da ya rasu, labarin wasu masu sarauta ne da bashi ya ci gidansu, wani attajiri ɗan bawa ya saye lambunsu domin ya sare itatuwan ya yanka filayen dacha.

A zamanin Sobiyet, cikin shekarun 1930, gwamnati ta gina wa marubuta ƙauye guda a Peredelkino, gefen Mosko ta kudu maso yamma. Boris Pasternak ya zauna a can, baƙi sukan tarar da shi a lambu yana aikin dankali. A wannan gida ya yi aikin littafinsa Dakta Zhivago, wanda mujallar Novy Mir ta ƙi bugawa cikin 1956. An buga shi a Italiya cikin 1957, aka ba marubucin lambar Nobel cikin 1958, hukuma ta matsa masa har ya ce ba ya so. Ya rasu a Peredelkino cikin 1960. Sai a 1988 ne mujallar nan da ta ƙi littafin ta buga shi, mutanen ƙasar suka karanta a fili.

Maƙwabcinsa Kornei Chukovsky, mawallafin littattafan yara, ya gina wa yaran yankin laburare da kuɗinsa cikin 1957. Kowace shekara kuma yakan tara su biki biyu a filinsa, na marabtar bazara da na ban kwana da ita, a hura babbar wuta, marubuta su yi musu karatu. Kuɗin shiga shi ne busassun 'ya'yan itacen daji guda goma, waɗanda za a zuba cikin wutar.

ABIN DA YA SAUYA

Yau manyan kantuna sun cika biranen Rasha, ana samun tumatir ko a tsakiyar hunturu. Dokar da aka yi cikin 2006 ta sauƙaƙa wa mutane yin rajistar filayensu da sunansu, masu hali sun rushe ɗakunan katako sun gina benaye. Matasa da yawa sun fi son ciyawa da furanni da wurin gasa nama a kan kunyar dankali, wayar hannu kuma tana takara da littafi a baranda. Mujallar Novy Mir, wadda ta buga kofe fiye da miliyan biyu da rabi cikin 1990, yanzu 'yan dubbai take bugawa. Tsofaffi suna ƙorafi cewa jikokinsu ba su san bambancin ganyen karas da ciyawa ba.

Duk da haka jiragen ran Jumma'a ba su daina cika ba, malamai ba su daina ba da jerin littattafan hutu ba, kwalabe kuma suna nan suna cika cikin Agusta. Ran 1 ga Satumba, wadda suke kira Ranar Ilmi, makarantu ke buɗewa a duk faɗin ƙasar. Al'ada ce kowane yaro ya zo wa malaminsa da damin furanni, kuma da yawa daga cikin furannin nan kaka ce ta yanko su daga lambun dacha daren jiya. Malami ya karɓa ya yi godiya, sa'an nan ya buɗe rajista, ya fara tambayar kowa abin da ya karanta.