Shekara 40 a Kan Tambaya Ɗaya: Katalin Kariko da Ɗan Aiken Ƙwayar Halitta

Hausawa kan ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Abin da karin maganar bai faɗa ba shi ne, me ke sa mutum ya ci gaba da iza wuta alhali dutsen bai ko yi laushi ba, ga kuma masu wucewa suna yi masa dariya? Masana ilmin halittu suna da abin cewa a kan wannan tambaya, kuma da wuya a sami misalin da ya fi fito da ita fili kamar rayuwar Katalin Kariko, 'yar ƙasar Hungari, wadda ta shafe fiye da shekara 40 tana bincike a kan wani sinadari da yawancin abokan aikinta suka ɗauka ba zai taɓa zama magani ba.

An haifi Kariko a shekarar 1955, ta kuma tashi a wani ƙaramin gari mai suna Kisujszallas. Mahaifinta mahauci ne. Gidansu babu ruwan famfo, babu firji, babu talabijin. Tun tana firamare ta fara sha'awar tsirrai da dabbobi, har ta zo ta 3 a gasar ilmin halittu ta ƙasa baki ɗaya. Daga nan ta wuce Jami'ar Szeged, inda ta sami digirin digirgir a 1982. A can ne ta fara aiki a kan sinadarin RNA, ba ta kuma sake rabuwa da shi ba.

Mene ne ɗan aiken?

Kafin a fahimci abin da ta sa a gaba, dole ne a leƙa cikin ƙwayar halitta, wato ƙaramin ɗakin nan da aka gina jikin kowane mai rai da shi. A cibiyar ƙwayar akwai DNA, babban kundin da ke ɗauke da umarnin haɗa dukan furotin da jiki ke bukata, tun daga wanda ke ɗaukar iska a jini har zuwa wanda ke narkar da abinci. Ba a fita da wannan kundi daga cibiya. Idan ana bukatar wani furotin, sai a kwafi shafin da ya shafe shi a kan wani siririn zare, a tura shi waje zuwa ga ribosom, ƙananan masaƙun da ke haɗa furotin. Wannan zare shi ne RNA ɗan aike, wanda masana ke rubutawa mRNA, an kuma gano shi a 1961. Haruffa 4 kawai ake rubuta saƙon da su: A, U, G da C. Kowane haruffa 3 suna nuni ga tubali ɗaya daga cikin tubala 20 da ake gina furotin da su. Da an gama karanta saƙon sai ƙwayar ta wargaza shi.

Tunanin Kariko mai sauƙin faɗa ne. Idan jikin majiyyaci ya rasa wani furotin, maimakon a haɗa shi a masana'anta da tsada, me zai hana a rubuta saƙon, a miƙa wa ƙwayoyin jikinsa su haɗa da kansu? Tun da saƙon ba ya shiga cibiya, kuma ba ya daɗewa, ba zai taɓa kundin gado ba.

Sai dai faɗa daban, yi daban. RNA abu ne mai saurin lalacewa; akwai sinadaran da ke yanka shi a fatar hannu, da gumi, da ƙurar da ke kan tebur, har ma masu aiki da shi kan yi kaffa-kaffa kamar masu ɗaukar ƙwai a faifai. Ga shi kuma ba ya iya ratsa bangon ƙwaya shi kaɗai. Matsala ta uku, wadda ta fi su muni, sai daga baya ta bayyana.

A 1985 kuɗin binciken cibiyar da take aiki a Szeged ya yanke, ta rasa aikinta. Ta sami gurbi a Jami'ar Temple da ke Filadelfiya a Amurka. A lokacin hukumomin Hungari ba sa barin mutum ya fita da kuɗi masu yawa, saboda haka ita da mijinta suka sayar da motarsu, suka ɗinke kuɗin, kimanin fam 900 na Ingila, a cikin 'yar tsanar ɗiyarsu mai shekara 2. Da wannan jari suka sauka baƙuwar ƙasa. A 1989 ta koma Jami'ar Fensilbaniya, inda ta yi aiki tare da wani likitan zuciya, Elliot Barnathan. Su biyun sun nuna cewa idan aka cusa saƙon da aka haɗa a ɗakin gwaji cikin ƙwayoyin da ake reno a faranti, ƙwayoyin kan haɗa furotin ɗin da aka umarce su.

A jami'o'in Amurka, mai bincike shi ke nemo kuɗin aikinsa daga hukumomin ba da tallafi, kuma da yawan abin da ya samo ake auna shi. Kariko ta yi ta rubuta takardun nema ana mayar mata da su. Hankalin masana a wancan zamani ya karkata ne ga gyaran DNA. RNA kuwa ana ganinsa abin ɓata lokaci. A 1995 jami'ar ta ba ta zaɓi: ko ta bar wannan bincike, ko a sauke ta daga hanyar zama farfesa. Ta zaɓi a sauke ta. A daidai lokacin ne likitoci ke zaton tana da ciwon daji, mijinta kuma ya maƙale a Hungari saboda matsalar biza. Shekararta 40 ke nan a duniya, lokacin da tsararrakinta ke shugabantar ɗakunan bincike nasu na kansu.

Abin da ke riƙe mutum

Da aka tambaye ta daga baya yadda ta jure, sau da yawa takan ambaci wani littafi da ta karanta tun tana sakandare, na Hans Selye, masanin da ya fara bayyana yadda matsi ke aiki a jikin ɗan Adam. Darasin da ta ce ta ɗauka shi ne ta mai da hankali ga abin da ke hannunta, ta bar wanda ba ta da iko a kansa. Hukuncin masu ba da tallafi ba a hannunta yake ba. Gwajin gobe da safe kuwa nata ne.

Wannan magana tana da tushe a ilmin ƙwaƙwalwa, kuma wani abin mamaki, a jami'ar da aka sauke ta ɗin ne aka fara binciken. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier sun yi gwaji a kan karnuka, irin gwajin da dokokin kare dabbobi na yau za su tsaurara wa ƙwarai. Wasu karnukan suna iya tsayar da jan lantarkin da ake yi musu idan suka danna wani allo da hanci. Wasu kuwa duk abin da suka yi ba ya tsayar da shi. Da aka kai su wani akwati inda tsallake ɗan gajeren shinge kawai zai fid da su, rukunin farko suka tsallake, amma yawancin rukuni na biyu suka kwanta suna kuka. Masanan suka ce dabbobin sun koyi yanke ƙauna. Bayan kusan shekara 50, a 2016, su biyun suka gyara bayanin nasu bisa binciken da Maier ya yi a kan ƙwaƙwalwar ɓeraye. Ashe sallamawa ba koyonta ake yi ba. Ita ce amsar da ƙwaƙwalwa kan bayar da kanta idan wahala ta yi tsawo. Abin da ake koya shi ne sanin cewa aikin mutum yana da tasiri. Akwai wani sashe a gaban ƙwaƙwalwa da ke gane haka, sai ya danne sashen da ke haddasa sallamawa. Bugu da ƙari, ɓeran da ya taɓa ɗanɗana wannan iko yakan fi jure wahalar da ta zo daga baya, ko da wannan karon ba shi da mafita.

Mutum ba ɓera ba ne, kuma bai kamata a ɗora wa gwajin dabba nauyin da ya fi ƙarfinsa ba. Duk da haka akwai abin lura a nan ga malamai. Ɗalibin da aka ba waken da zai shuka a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a duhu, ya ga bambancin da idonsa, ya sami wani abu da dogon jawabin ƙarfafa guiwa ba zai ba shi ba. Irin wannan ƙaramar nasara ce Kariko ke samu a kan teburinta lokaci bayan lokaci: zaren ya ɗan ƙara tsabta, furotin ya ɗan ƙara yawa. Duniya ba ta gani, amma ita tana gani.

Samfurin da aka ajiye a gefe

A 1997 wani masanin garkuwar jiki, Drew Weissman, ya zo jami'ar. Sun haɗu ne a wurin injin kwafe takardu, inda kowannensu ke jiran ya kwafi maƙalu. Shi yana neman hanyar yin rigakafin cutar ƙanjamau, ita kuwa ta ce za ta iya haɗa masa kowane irin RNA. Da suka fara aiki sai matsala ta uku ta fito: ƙwayoyin garkuwar jiki suna ɗaukar saƙon da aka haɗa a matsayin maƙiyi, sai su ta da kumburi mai tsanani. Dalilin a fili yake. Ƙwayoyin cuta da yawa da RNA suke shiga jiki, don haka jiki yana da masu gadi da ke sansano baƙon RNA. Amma in haka ne, me ya sa masu gadin ba sa far wa RNA na jikin kansa?

Amsar ta fito ne daga inda ɗalibai suka fi rainawa a darasin gwaji, wato samfurin kwatanci, wanda ake ajiyewa a gefe don a auna sauran da shi. A cikin ire-iren RNA da suka gwada akwai tRNA na dabbobi masu shayarwa, wanda aikinsa ɗauko tubalan furotin ne. Shi bai ta da kumburi ba. An daɗe da sanin cewa haruffan tRNA cike suke da ƙananan gyare-gyaren da ƙwaya kan yi musu bayan ta haɗa su. Sai suka ce watakila waɗannan gyare-gyare su ne hatimin da ke nuna wa masu gadi cewa wannan ɗan gida ne. Suka shiga musanya haruffan ɗaya bayan ɗaya. Da suka maye gurbin harafin U, wato yuridin, da ɗan'uwansa sudoyuridin, wanda kayan gininsu ɗaya ne sai dai ɗaurin ya bambanta, kumburin ya kusan ɓacewa. A 2008 suka ƙara nuna cewa saƙon da aka gyara yana ma samar da furotin fiye da na asali.

Manyan mujallun Nature da Science sun ƙi karɓar sakamakon farko. Ya fito a mujallar Immunity a 2005, kuma shekaru suka shuɗe ba tare da ya ja hankalin mutane da yawa ba. A 2013 Kariko ta rasa ɗakin gwajinta a jami'ar, ta koma wani kamfanin Jamus da ba a san shi sosai ba a lokacin, BioNTech, a birnin Mainz.

A nan ya kamata a yi hattara da labarin. Ba duk wanda ya nace ne ke da gaskiya ba. Tarihin kimiyya cike yake da waɗanda suka ƙare rayuwarsu a kan ra'ayin da bai da tushe. Bambancin naci da taurin kai shi ne, mai naci yakan bar gwaji ya ƙaryata shi. Kariko ba ta musanta kumburin da ta gani ba, ba ta kuma ɓoye shi ba. Ta mai da shi tambayar da za ta bi har shekaru. Haka nan ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Ɗigon kitsen da ake naɗe saƙon a ciki don ya ratsa bangon ƙwaya, wasu masana ne suka shafe shekaru suna inganta shi.

A Janairun 2020 aka wallafa jerin haruffan ƙwayar cutar korona. Saboda hanyar ta riga ta kammala, abin da ya rage kawai shi ne a rubuta saƙon furotin ɗin ƙayar da ke jikin ƙwayar cutar, don garkuwar jiki ta san shi tun kafin cutar ta iso. An gwada allurar BioNTech da Pfizer a kan mutane fiye da 43,000. Daga cikin 170 da suka kamu da cutar, 162 suna rukunin da aka yi wa allurar ruwan gishiri ne, 8 kacal ke rukunin rigakafi, wato kariyar kashi 95 cikin 100. Allurar Moderna ma da gyararren harafin aka yi ta, kuma kimanin miliyan 4 daga cikinta sun iso Nijeriya a Agustan 2021. Kamfanin CureVac, wanda ya yi amfani da saƙon da ba a gyara haruffansa ba, kariyar da ya samu a 2021 ba ta kai kashi 50 ba.

Ranar 2 ga Oktoban 2023 aka sanar da cewa Kariko da Weissman ne suka ci lambar Nobel ta fannin likitanci. Ita ce mace ta 13 da ta sami wannan lamba. Amma rigakafi ba shi ne ainihin burin da ta fara da shi ba. Ita magani ta so ta yi, kuma wannan ɓangaren bai kai gaci ba tukuna. A wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2023, an haɗa wa masu ciwon dajin fankiriyas su 16 saƙon da ya dace da ƙarin kowannensu. Garkuwar jikin 8 daga cikinsu ta amsa, ta sauran 8 kuwa ba ta amsa ba, abin da ya sa aka buɗe wani gwaji mafi girma don a tabbatar ko hanyar tana hana ciwon dawowa.