Leda a Kan Kunya: Yadda Manoman Gansu Ke Tare Ruwan Sama

A yankin Dingxi na lardin Gansu, arewa maso yammacin ƙasar Sin, ruwan da ke sauka a shekara kusan milimita 400 ne, kuma akasarinsa tsakanin Yuli da Satumba yake zuwa. Lokacin shuka kuwa ƙasa a bushe take, ga sanyi. Ko an yi yayyafi, kafin ya kai ga saiwa iska ta shanye shi.

Dabarar da manoman can suka riƙe ita ce lulluɓe gona da leda. Daga Japan aka kawo ta Sin a ƙarshen shekarun 1970, amma a Gansu aka yi mata gyaran da ya dace da fari. Ana tayar da kunya biyu, babba mai faɗin santimita 70 da ƙarama mai 40, a shimfiɗa leda ta rufe su ruf, sannan a huda ramukan shuka a cikin kwarin da ke tsakaninsu. Duk ɗigon da ya faɗo kan kunya sai ya gangara zuwa gindin masara. Laimar da ke ƙoƙarin tashi kuma ta bugi leda ta koma ƙasa. Wasu tun bayan girbi suke shimfiɗa ledar, don ruwan ƙarshen damina ya jira shukar baɗi. Ƙasa tana yin ɗumi, tsiro ya fito da wuri, har masara ta nuna a tuddan da a da sanyi ke hana ta.

Sai dai leda ruwa take tsarewa, ba ta ciyar da ƙasa. Masarar da ta yi ƙarfi ta fi zuƙe laimar can ƙasa da kuma taki, ɗumin nan kuma yana hanzarta ruɓewar ganyaye da saiwoyin da ke riƙe da ƙarfin gona. Wanda ya nace wa masara shekara da shekaru zai ga yabanya na ja da baya alhali ledar tana nan. Shi ya sa ake sauya shuka: bana masara, baɗi dankalin Turawa, sannan alkama ko dangin wake. Saiwar wake tana da ƙulle-ƙullen da ke janyo sinadarin naitirojin daga iska. Cutar da ta saba da amfani ɗaya kuma, idan ta tarar da wani, sai ta rasa abinci. A ganina, nan ne asalin noman yake; ledar dai ta fi ɗaukar ido ne.

Akwai kuma ɓarnar da Sinawa da kansu suke kira farin gurɓata. Ledar siririya ce, takan yayyage ta maƙale a ƙasa, ta tare saiwa da ruwa, musamman a gonakin audugar Xinjiang. A 2017 hukuma ta fitar da ƙa'idar cewa kaurinta kada ya gaza milimita 0.01, don a iya tattara ta bayan girbi.

Manomin Katsina ko Maraɗi da zai gwada, ya tuna cewa ɗumin da Gansu ke nema mu yawa ya yi mana. A ƙasa mai zafi leda mai garai-garai na iya dafa tsiro. Karan gero da aka bari kwance a gona yana riƙe laima, ya kuma sanyaya ƙasa, in dai dabbobi da masu neman makamashi sun bar shi ya kai damina.