Sinadarin CBD na ganyen wiwi: Ina aka kwana kan batun maganin cutar sikizofireniya?

Tun bayan da kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a watan Nuwamban 2020 cewa sinadarin kanabidiyol, wanda aka fi sani da CBD, ba ya cikin jerin miyagun ƙwayoyi, shagunan sayar da mai, alewa da shayin da aka haɗa da shi sun yawaita a biranen Faransa. Ƴan Nijar mazauna can na ganin su a kan hanyar zuwa aiki, tallar kayan kuma na yawo a Facebook da TikTok har ta kai ga wayoyin matasa a gida. Cikin abin da ake yayatawa har da cewa CBD na maganin taɓin hankali.

Ga iyalin da ke da majinyaci a gida, wannan magana ce mai nauyi, domin tana iya sa a ajiye maganin likita a kama wani abu daban. Gaskiya ne masana na gwada CBD a kan masu cutar sikizofireniya, sai dai har yanzu babu wata babbar hukumar kula da magunguna da ta amince da shi a matsayin maganin cutar.

Wace irin cuta ce?

Sikizofireniya na daga cikin cututtukan ƙwaƙwalwa masu tsanani. Mai fama da ita kan ji muryoyin da babu wanda ke jin su sai shi, ko ya yi imani ana bibiyarsa ana son cutar da shi. Maganarsa kan rikice, ya janye daga mutane, ya daina kula da jikinsa. Ta fi bayyana daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa wajen shekara 30, kuma takan riga kama maza kafin mata.

A alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2022, kimanin mutum miliyan 24 ne ke ɗauke da ita, wato mutum 1 cikin 300. Hukumar ta ce fiye da kashi biyu cikin uku na masu irin wannan rikicewar tunani ba sa samun kulawar ƙwararru. A ƙasar Hausa, iyalai da dama kan fara danganta lamarin da iskoki ko sammu, sai an sha yawo kafin a isa asibiti.

Magungunan da ake da su sun daɗe. A 1952 likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka fara amfani da Largactil a asibitin Sainte-Anne na Paris, aka kuma ƙirƙiro Haldol a Beljiyam a 1958. Suna aiki ne ta hanyar rage tasirin wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna dofamin. Suna taimaka wa jama'a da yawa, amma sukan kawo sandarewar jiki, karkarwa, yawan barci ko ƙiba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyata ba sa samun sauƙin da ake buƙata. Wannan giɓin ne ya sa ake neman wata hanya.

Ganye ɗaya, sinadarai biyu

Tsiron wiwi na ɗauke da sinadarai masu yawa, amma biyu suka fi shahara. THC shi ne mai sa maye, shi ne kuma kan jawo firgici da ruɗewar tunani. CBD ba ya bugarwa. Wani masanin Amurka, Roger Adams, ya fara tace shi a 1940, sannan Raphael Mechoulam na Isra'ila ya gano tsarinsa a 1963.

A 1995 wani likitan ƙasar Brazil, Antonio Zuardi, ya ba da rahoton wata matashiya ƴar shekara 19 da ta samu sauƙi bayan an ba ta CBD na tsawon mako huɗu. Labarin mutum ɗaya ba hujja ba ne, amma ya buɗe ƙofar bincike.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A 2012 aka wallafa sakamakon gwajin da Markus Leweke ya jagoranta a birnin Cologne na Jamus a kan majinyata 42. An ba wasu CBD har miligiram 800 a rana, wasu kuma wani sanannen magani, amisulpride. Bayan mako huɗu ɓangarorin biyu sun samu sauƙi kusan daidai, amma masu shan CBD ba su sha wahalar sandarewa da ƙiba kamar ɗaya ɓangaren ba. An kuma ga ƙaruwar wani sinadari da jiki ke yi da kansa, anandamid, a jinin waɗanda suka sha CBD, abin da ya sa ake zaton yana bin wata hanya dabam da ta dofamin.

A 2018 Philip McGuire da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 88 a Birtaniya, Poland da Romaniya. An ba rabinsu miligiram 1,000 a rana na mako shida, a kan maganin da suke sha tun farko, sauran kuma aka ba su abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki. Jin muryoyi da zarge-zarge sun ragu a wajen masu shan CBD, sai dai bambancin bai yi yawa ba.

A shekarar dai, masu bincike a jami'ar Yale ta Amurka sun ba majinyatan da suka daɗe da cutar miligiram 600 a rana na mako shida, ba su kuma ga wani amfani ba.

Duka waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, na ƴan makonni, alhali cutar ta shekaru ce. Shi ya sa a 2023 gidauniyar Wellcome ta ba jami'ar Oxford fam miliyan 16 da rabi, sama da miliyar 12 na kuɗin sefa, don gwajin da aka tsara zai haɗa mutum kusan 1,000 a cibiyoyi 35. Inda aka tabbatar da amfanin CBD shi ne wasu nau'o'in farfaɗiya masu wuyar magani, waɗanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da maganin Epidiolex dominsu a watan Yunin 2018.

Shan wiwi hanya ce ta komawa baya

Matashin da ya ji wannan labari a fada zai iya ɗauka cewa tabar wiwi ce aka wanke. Bincike ya nuna akasin haka. Marta Di Forti da abokan aikinta sun duba majinyata 901 a wurare 11 na Turai da Brazil, suka wallafa sakamakon a 2019. Masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau uku wajen haɗarin kamuwa da ruɗewar tunani. Ga masu shan nau'i mai ƙarfi kullum, wanda THC ɗinsa ya kai kashi 10 cikin ɗari ko fiye, haɗarin ya kusa ninkawa sau biyar. Ga wanda ya riga ya kamu kuwa, wiwi kan tayar da ciwon bayan ya lafa. A Nijar dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta haramta sha da sayar da ita.

Kwalbar shago ba ta gwaji ba ce

Wanda ke Turai ya yi niyyar aiko wa ɗan'uwansa kwalbar man CBD ya kamata ya san bambanci. A gwaje-gwajen an yi amfani da tataccen sinadari, miligiram 600 zuwa 1,000 a rana, ƙarƙashin idon likitoci. Hukumar kula da abinci ta Birtaniya kuwa ta ba da shawara a 2023 cewa lafiyayyen baligi kada ya wuce miligiram 10 a rana daga kayan shago.

Akwai kuma matsalar abin da ke cikin kwalbar. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa a 2017 ya auna kaya 84 da aka saya ta intanet. Kashi 31 cikin ɗari ne kawai adadin CBD ɗinsu ya dace da abin da aka rubuta a jiki, an kuma samu THC a cikin 18 daga cikinsu. Shi kansa tataccen CBD kan kawo zawo da yawan barci, yakan taɓa hanta, yana kuma iya sauya aikin wasu magunguna.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin cewa dakatar da magani farat ɗaya na cikin manyan dalilan dawowar cutar, kuma kai majinyaci asibiti da wuri na ƙara masa damar komawa makaranta, kasuwa ko gona. A Yamai, sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa, wanda aka fi sani da Pavillon E, na karɓar irin waɗannan majinyata. Idan maganin da ake sha na wahalar da mutum, likita na iya rage adadin ko ya sauya shi da wani. Kuɗin da ɗan'uwa zai kashe a kan kwalbar CBD daga Turai zai fi amfani idan ya biya kuɗin mota zuwa asibiti da maganin wata mai zuwa.